Pocket Radar Smart Coach, daga bakin uban yaron da ya bar bayan fili ya hau tudun jifa

Pocket Radar Smart Coach na'ura ce mai girman wayar hannu, tana shiga aljihun gaban riga ba tare da ta rinjaye shi ba. Ƙaramin allo gare ta da babban maɓalli, sai batura biyu ƙanana irin na rimot. Aikinta ɗaya tal: a jefa ƙwallo, ta faɗi gudun da ƙwallon ta yi, ko da mil ko da kilomita a awa. Kamfanin da ke ƙera ta yana garin Santa Rosa a Kalifoniya, kuma lokacin da na saya kuɗinta ya kusa dala 400. Ga mai tuƙa motar kai kaya irina a nan Columbus ta jihar Ohayo, kuɗi ne da sai an yi shawara da uwargida kafin a fitar. Na fitar, ban kuma yi nadama ba. Sai dai duk wanda zai saya saboda dalili irin nawa, ina roƙonsa ya bi ni har ƙarshe, domin lambar da wannan na'ura take nunawa tana iya taimakon yaro ƙwarai, tana kuma iya sa shi ya ɓata hannunsa da kansa.

Dalilina shi ne babban ɗana. A nan aka haife shi, kuma tun yana firamare ya juya wa tamaula baya ya rungumi besbol, wasan da ni kaina a bakinsa na koya. Ga wanda bai san wasan ba, mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudun ƙasa ya jefa ƙwallo ga abokinsa mai cafewa, wanda ke tsugune mita 18 da 'yan kai a gabansa, shi kuma ɗan wasan abokan hamayya yana tsaye a tsakani da kulki yana neman bugun ƙwallon. Can nesa a bayan fili akwai mutum uku masu jiran ƙwallon da aka buga sama, su cafe, su wurgo ta ciki. A nan yarona ya yi duk wasansa, daga sakandare har ya gama wata ƙaramar kwaleji. Yana da gudu, kuma Allah Ya ba shi hannu. Na sha ganin ya wurgo ƙwallo daga kusa da katanga ta faɗa cikin safar mai cafewa ba ta taɓa ƙasa ba. Amma ɗan bayan fili da kulki yake cin abinci. Idan lokacin bugunka ya zo ba ka iya taɓa ƙwallon da ke lanƙwasa a iska, ƙarfin hannunka ba zai cece ka ba, kuma yarona bai taɓa shawo kan irin wannan jifan ba.

Ƙofar ma ta ƙara ƙunci a 'yan shekarun nan. A da, zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin babbar gasar MLB ke yi duk shekara zagaye 40 ne. Tun 2021 ya koma 20. A shekarar kuma aka rage ƙungiyoyin ƙananan rukunai da ke ƙarƙashinsu zuwa 120. Ba a kira sunan yarona ba. Abin da ya samu kawai shi ne tambaya daga wani dattijo mai farautar 'yan wasa, wanda ya tare shi bayan wani wasa ya ce, ka taɓa hawa tudu?

Da ya dawo gida ya ce, "Baba, ina so in gwada jifa." Na ce to, amma kafin mu zuba kuɗi a wurin masu horo, mu fara sanin abin da ke hannun naka. Masu farautar 'yan wasa ba sa jin "yana da ƙarfi", lamba suke tambaya. Abin da ya kai ni ga sayen na'urar ke nan.

Ranar farko ta koya mana abin da ya fi kuɗinta. Mun je filin wata makaranta, ya tsaya a bayan fili kamar yadda ya saba, ya taho da gudu, ya yi ɗan tsallen nan da 'yan bayan fili ke yi, ya saki ƙwallo. Allon ya nuna mil 93. Ya yi ihu, ni ma na ji gabana ya buga, don na san matsakaicin miƙaƙƙen jifa a babbar gasa yanzu kusan mil 94 ne. Sai ya hau tudu, ƙafa ɗaya a kan farar robar da ke samansa, babu gudu, babu tsalle. Ya jefa. Mil 86. Ya sake, 85. Ya sake da dukan ƙarfinsa har hularsa ta faɗi, 86, ƙwallon kuma ta wuce saman raga ta tafi cikin ciyawa. Ya sauko ya karɓi na'urar daga hannuna yana jujjuya ta, ya ce ko ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau. Jifan mai tahowa da gudu daban, jifan mai tsaye a kan tudu daban. A 2016 an auna wani wurgi na Aaron Hicks, ɗan bayan filin ƙungiyar New York Yankees a lokacin, a mil 105.5, gudun da ya kusa kamo jifa mafi sauri da aka taɓa aunawa daga kan tudu, na Aroldis Chapman a 2010. Ba wanda ya ce saboda haka Hicks zai iya yin abin da Chapman ke yi. Don haka duk uban da aka nuna wa bidiyon ɗansa yana tahowa da gudu yana jefa ƙwallo cikin raga da lamba mai daɗin gani a gefe, ya nemi a nuna masa lambar kan tudu. Ita ce ake saye.

Game da ingancin awonta, kamfanin ya ce kuskurenta ba ya wuce mil ɗaya sama ko ƙasa, kuma abin da na gani ke nan. A wani taron gwaji na tsaya daf da wani mai riƙe da babbar bindigar awo ta Stalker, irin wadda ma'aikatan ƙungiyoyi ke yawo da ita, mai kuɗi ninkin-ba-ninkin tawa. Ina leƙen allonsa ina duban nawa. Wani lokaci lamba ɗaya, wani lokaci bambancin mil ɗaya. Shi kansa ya lura, ya miƙo hannu ya duba tawa ya gyaɗa kai.

Amma sai ka tsaya inda ya dace. Na'urar tana harba igiyar rediyo ne, igiyar ta bugi ƙwallo ta dawo, daga canjin da aka samu take lissafa gudu. Saboda haka gudun da ke tahowa kai tsaye gare ta, ko ke tafiya kai tsaye daga gare ta, shi kaɗai take gani cikakke. Ka tsaya bayan mai cafewa ko bayan mai jifa, a kan layi ɗaya da ƙwallon. Idan ka koma gefe, lamba za ta ragu: karkatar digiri 20 tana mayar da jifan mil 90 ya zama kamar 85. Iyaye da yawa a filayen nan suna tsayawa can gefen shinge suna awo, su koma gida ransu a ɓace a banza. Tana kama ƙwallon besbol daga nisan ƙafa 120, wato wajen mita 36, wanda ya ishe ka ko kana bayan ragar 'yan kallo. Lambar da take bayarwa ta lokacin da ƙwallo ta bar hannu ce, inda gudun ya fi yawa. Kafin ta isa wurin mai bugu iska ta riga ta cinye mata mil bakwai ko takwas. Haka su ma manya suke aunawa, don haka lambarka da tasu harshe ɗaya suke yi.

Hanya biyu ake amfani da ita. Ko ka danne maɓalli lokacin da mai jifa ya ɗaga ƙafa ka saki bayan ƙwallo ta tafi, ko ka sa ta a yanayin da take aiki ba tsayawa, ka ɗora ta a kan sandar kyamara mai ƙafa uku, ta riƙa karanta kowane jifa da kanta. Na biyun muka fi yi, don yakan je shi kaɗai idan ina kan hanya. A wannan yanayin mukan jona ta da fawa bank ta kebul, ta wuni ba damuwa. Abin da ya raba Smart Coach da ƙanwarta Ball Coach, wadda a lokacin da na saya ta fi araha da kusan dala 100, shi ne tana haɗuwa da manhajar waya ta Bluetooth. Ka kafa waya tana ɗaukar bidiyo, lambar kowane jifa ta fito a jikin hoton. Ga wanda ke neman a ɗauke shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu horar da ƙungiyoyi masu zaman kansu da masu farauta yanzu bidiyo suke fara cewa a turo, kuma bidiyon da ba lamba a jikinsa ba kasafai ake kallonsa har ƙarshe ba.

Wani amfani da ban yi tsammani ba ya fito a watan azumi. Yaron yana azuminsa yana kuma fita atisaye bayan la'asar, ya ce shi lafiya lau yake ji. Na'urar ta ce a'a. Gudunsa ya sauka da mil biyu zuwa uku, kuma yana saurin zubewa bayan 'yan jifa kaɗan. Da baki ne na gaya masa, da gardama za mu yi. Da ya ga lambobin a jere a wayarsa, shi da kansa ya mayar da jifan zuwa bayan sallar isha, a bayan gida, raga a jingine da shinge, kwan lantarki ɗaya a saman ƙofar gareji. Bidiyon yakan fito da duhu-duhu, amma awon bai canja ba, don igiyar rediyo ba ruwanta da haske. Uwarsa takan ajiye masa ruwa da dabino a kan matakala ta koma ciki, ta ce ita ba ta iya kallon yadda gwiwar hannunsa ke juyawa.

Tana da gaskiyar jin tsoro, kuma a nan nake so in daɗe, saboda akwai wani mutum da labarinsa ya gyara mini tunani a kan wannan lamba, kuma da idona na gan shi.

Anthony Gose ɗan Kalifoniya ne, bahago. Tun yana sakandare a Bellflower yake jifan da ya haura mil 95, amma shi bayan fili yake so. Ƙungiyar Philadelphia Phillies ce ta zaɓe shi a zagaye na biyu a 2008. Gudu gare shi na ban mamaki: a 2009 kaɗai ya saci tasha 76 a ƙaramin rukuni, wato sau 76 yana rugawa daga ɗaya daga tashoshin da 'yan wasa ke zagayawa a fili zuwa ta gaba ba tare da an bugi ƙwallo ba. Ya shiga babbar gasa a 2012 da Toronto Blue Jays, aka yi musayarsa zuwa Detroit Tigers a ƙarshen 2014, ya yi musu kakar 2015 kusan cikakkiya a tsakiyar bayan fili. Sai kulkin ya ƙi. A 2016 aka sauko da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Toledo, nan Ohayo, daga nan aka ƙara sauko da shi. A 2017, yana da shekara 26, ya yarda ya hau tudu. Aka mayar da shi can ƙasa, Lakeland a Fulorida, cikin yara sababbin shiga, mutumin da ya riga ya buga wasa sama da 350 a babbar gasa. A fitowarsa ta farko aka auna shi a mil 99.

Mai karanta wannan lambar zai ce ai shi ke nan, gobe ma a mayar da shi sama. Shekara huɗu ya yi kafin ya koma. Daga Detroit ya tafi Texas, Houston ta ɗauke shi ta dawo da shi, ya faɗo hannun Cleveland, a 2019 ya bi ta ƙananan ƙungiyoyinta na Lynchburg da Akron, annobar korona ta cinye kakar ƙananan rukunai ta 2020 gaba ɗaya. A 2021 ya iso Columbus Clippers, matakin Triple-A, wato na ƙarshe kafin babbar gasa, kuma a filinsu na Huntington Park na kalle shi tare da yarona, wanda a lokacin ko mafarkin jifa ba ya yi. Ba zan manta ba. Babban allon fili yana nuna 98, 99, jama'a suna ta sowa, ƙarar ƙwallon a safar mai cafewa tana isowa har inda muke. Sai kuma ka ga jifa huɗu sun fita daga gurbin da alƙali ke ƙirgawa, mai bugu ya ajiye kulki ya taka zuwa tasha ta farko kyauta, bai ko motsa kafaɗa ba. Abin da ya riƙe Gose shekara huɗu ke nan: saita ƙwallo inda ake so, da samun jifa na biyu mai zamewa wanda zai iya dogara da shi idan an ƙure shi. A tsakiyar wannan kakar ya tafi gasar Olamfik ta Tokiyo da tawagar Amurka, suka dawo da azurfa bayan Japan ta doke su a wasan ƙarshe. Ranar 20 ga Satumba 2021, yana da shekara 31, ya hau tudu a rigar Cleveland a karawa da Kansas City Royals, ya taɓa mil 100. Na ji daɗin wannan rana kamar ɗan'uwana ne. Shekara ɗaya bayan haka, a Satumba 2022, aka yi masa tiyatar gwiwar hannu, ya rasa kakar 2023 ɗungurungum.

Akwai waɗanda hanyar ta fi yi wa sauƙi. Rafael Soriano ɗan bayan fili ne lokacin da Seattle ta ɗauke shi, aka mayar da shi mai jifa a 1999, ya zama cikin manyan masu rufe wasa, wato masu jifan da ake shigo da su a ƙarshen wasa su tsare nasara. Alexi Ogando ma haka, daga bayan filin Oakland zuwa tudun Texas, har aka zaɓe shi cikin taurarin gasar a 2011. Amma waɗanda suka gwada aka sallame su shiru sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawansu suna da lamba mai kyau.

Na'urar nan kamar sikelin mahauci take: za ta gaya maka nauyin naman daidai, ba za ta gaya maka ko zai yi taushi a tukunya ba. Ba ta san inda ƙwallo ta faɗa ba. Ba ta auna juyawar ƙwallo a iska, abin da manyan na'urori irin su TrackMan da Rapsodo ke yi, masu kuɗin da ba na mutum ɗaya ba. Jifan mil 90 da ya wuce saman kan mai cafewa da wanda ya shiga kusurwar da aka nufa, duk 90 za ta rubuta. Ba a yi ta don wannan ba, kuma masu ita ba su ce tana yi ba. Matsalar tana wurin yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai wanda ya ga 86 yana son 90. Duk jifa sai ya waiga ya dubi allo. Na ga yarona yana yi. Kafaɗa ta buɗe da wuri, kai ya kauce, yana nishi, ƙwallo tana tafiya inda ta ga dama, shi kuwa yana murna don an samu ƙarin mil ɗaya.

Abin ya ƙara muni da muka shiga wani wurin horo a gefen gari, wanda na biya kuɗin wata uku a dunƙule. Sun kafa babban talabijin a bango, sunayen yara a jere, kowa da lambarsa mafi girma, na sama yana sama. Yara suna tahowa da gudu suna maka ƙwallaye masu nauyi daban-daban cikin raga, kiɗa yana tashi, ana ihu duk lokacin da wani ya karya lambarsa. A makonnin da muka yi a wurin ban ga an tsugunar da mai cafewa an ce yarona ya saita jifa goma a wuri ɗaya ba. Na tambayi mai horon yaushe za a fara wannan, ya ce gudu tukuna, saiti daga baya. Mutumin da bai taɓa jifa daga tudu ba, jijiyoyin gwiwar hannunsa ba su saba da wannan aikin ba. Ɗan bayan fili yakan yi wurgi mai ƙarfi ƙalilan ne a wasa guda, mai jifa kuwa yana yin gommai a jere. Ranar da yaron ya shigo mota yana matsa cikin gwiwar hannunsa da yatsa, ya ce, "Ba komai, Baba, ɗan tsami ne," ranar muka bar wurin, sauran kuɗin na bar musu. Likita ya duba ya ce kumburi ne, jijiyar ba ta yage ba, a huta makonni. Alhamdu lillahi.

Ba tsoron uba kawai ba ne. Wani bincike da Mike Reinold da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya bi matasan da suka yi mako shida suna atisaye da ƙwallaye masu nauyi: gudunsu ya ƙaru, amma kusan ɗaya cikin huɗu ya ji rauni a hannu. A Disamba 2024 ita kanta MLB ta fitar da rahoto bayan ta tattauna da mutum sama da 200, masu horo da likitoci da tsofaffin 'yan wasa, ta ce neman gudu da jifa da dukan ƙarfi kowane lokaci su ne kan gaba wajen yawaitar raunin masu jifa. Tiyatar da ake yi idan jijiyar ta yage, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 har ta ɗauki sunansa, ciro wata jijiya ake yi daga wani sashen jiki a dasa a gwiwar hannu, kuma jinyarta shekara ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. Gose yana da ƙungiyar da ta biya masa ta kuma jira shi. Yaron da ba kowa a bayansa sai ubansa direba, in hakan ta same shi, wasan ya ƙare ke nan.

Tun daga nan na'urar ta koma zama a aljihun motata, ba a jakarsa ba. Sau ɗaya a mako take fitowa, kuma allon yana fuskantata, shi ba ya gani sai an gama. Da farko ya ji haushi, ya ce ai shi ba yaro ba ne. Na ce na sani, amma ni na saya. Muka samu wani tsohon mai jifa ɗan Dominika, wanda ya yi shekaru a ƙananan rukunai kafin ya koma aikin gini, shi yake duba shi yanzu. Mutum ne mai ƙarancin magana. Yakan ɗaura zare a gaban raga ya raba ta gida huɗu, ya ce yau gidan ƙasa na hagu kawai. Shi ne kuma ya nuna mini hanyoyi biyu na amfani da na'urar waɗanda a ganina sun fi neman babbar lamba daraja.

Ta farko, jifan yaudara. Wannan jifa ne da hannu ke tafiya da saurin miƙaƙƙen jifa, amma riƙon ƙwallon a can cikin tafi yake, sai ta fito a hankali, mai bugu ya riga ta kai kulki. Ana son ya gaza miƙaƙƙen da kamar mil takwas zuwa goma. Ido ba ya iya raba wannan, na'ura kuwa tana iyawa. Da yarona ya fara, bambancin mil huɗu ne kawai, wato kyauta ce ga mai bugu. Malamin ya riƙa matsar masa da yatsu kaɗan-kaɗan a kan ɗinkin ƙwallon, zobe da na tsakiya a sama, babban yatsa da manuniya sun haɗu a gefe, ni kuma ina karanto lamba daga baya, har tazarar ta buɗe. Ranar da ya jefa 88 ya bi ta da 79 da motsin hannu iri ɗaya, dattijon nan ya cire hularsa ya mayar, wanda a wurinsa babban yabo ne.

Ta biyu, gane gajiya. Yaro ba zai taɓa cewa ya gaji ba. Amma idan jifa na ashirin da biyar ya gaza na biyar da mil uku, jiki ya riga ya faɗa. Da na ga haka nake ɗaga hannu, malamin ya karɓi ƙwallo, an tashi. Manhajar tana ajiye lambobin kowace rana, don haka muna iya komawa baya mu ga cewa da can a jifa na goma sha biyar yake fara zubewa, yanzu yana kai talatin da ƙarfinsa. Wannan ci gaban ya fi faranta mini rai a kan lambarsa mafi girma, wadda ta taka 90 sau ƙalilan, ba tare da ya nema ba.

Wa ya kamata ya saya? Wanda ɗansa ya girma, ya gama sakandare ko yana kwaleji, yana tunanin canja gurbi zuwa jifa, kuma ana bukatar a san gaskiyar hannunsa kafin a kashe kuɗi da shekaru. Mai horar da ƙaramar ƙungiya ma za ta yi masa amfani, har da auna gudun ƙwallo daga kulki, don tana yin wannan ma. Idan ba ka bukatar bidiyo, Ball Coach ta ishe ka, awonsu ɗaya. Idan kuwa ɗanka shekararsa goma sha biyu, kada ka saya, ko da kuɗin na zube a ƙasa. Wani ɗan'uwanmu daga Kumasi da muke sallar Juma'a tare ya roƙe ni aronta don ƙaramin ɗansa, na ce ya yi haƙuri, amma in yana so ya kawo yaron ranar Asabar ya yi jifa a kan zaren dattijon nan.

Yarona yana shirin zuwa gwajin wata ƙungiya mai zaman kanta idan sanyi ya wuce, da bidiyonsa da lambobinsa a waya. Ya so mu tara kuɗi mu sayi na'urar da ke auna juyawar ƙwallo. Na ce a'a. Abin da na ware na wannan kakar, mai cafewa zan riƙa biya da shi, wani ɗalibin kwaleji da ya yarda zai riƙa tsugunawa masa sau biyu a mako, domin har yanzu a cikin jifa goma, shida ne ke shiga inda aka ce.